Cokali Uku na Ruwa

Tun la'asar nake bin jan-baki,
ni da ɗan jirgina mai kujera ɗaya
da tankin magani a gaban gwiwata.
An ce sun cinye shinkafar Lugu,
an ce in bi su har makwanci.

Sai injin ya yi tari.
Tari ɗaya, irin na dattijon da ya ƙware da fura.
Na ce, "Haba," sai ka ce yana ji.
Ya sake yi. Ya yi shiru.

Shekara goma sha ɗaya ina zaune cikin ƙara,
har barci nake da ita a kunne.
Ga shi yau ina jin iska tana fito a fiffike,
ina jin numfashina.
Farfela ta juya, ta juya, ta tsaya
tana nuna mini sama da yatsa ɗaya.

Kyaftin Ladan ya daɗe a ƙasa,
amma muryarsa ta riga tsoro isowa:
"Sunkuyar da hanci. Gudu shi ne ranka.
Kada ka tsaya roƙon inji, ya ba ka amsa.
Zaɓi fili ɗaya, ban da ruwan ido."

Na sunkuyar.
Na sauya tanki, na murɗa makulli sau biyu. Babu.
Allurar tsayi na zuba kamar gero a hudajjen buhu,
ƙafa ɗari takwas, ɗari bakwai,
filin jirgin Sakkwato kuwa
ya yi mini nisan Makka ga mai tafiyar ƙasa.

Rima a hagu, rabi ruwa rabi yashi,
yashin da ke kama taya ya kifar da mutum.
Titin Wurno a dama, da wayoyin wuta da motar itace.
Tsakaninsu wata gonar albasa, doguwa,
kunyoyinta sun miƙe.
Wata baiwar Allah tana bandar kifi a gefe,
hayaƙinta ya faɗa mini inda iska ta dosa.
Har yau ban san sunanta ba.

Littafi ya ce a zubar da kaya, jirgi ya yi sauƙi.
Hannuna ya kai kan mariƙin.
A ƙarƙashina shanu sun duƙa suna sha,
da yaro cikin ruwa har ƙugu, ya ɗaga kai yana kallona.
Na janye hannun.
Muka sauka da nauyinmu.

Na rufe mai, na sassauta ƙofa, na yi shahada.
Ƙasa ta taso da gudu.
Taya ta taɓa, ta yi tsalle, ta sake taɓawa,
haƙorana suka gaisa da juna,
laka ta rufe gilashi,
muka ja, muka ja,
muka tsaya taku tara kafin rijiya.
Daga baya na auna.

Warin albasa ne ya fara buɗe mini ido.
Mai gonar, Modi Haliru, ya iso da fartanya a kafaɗa,
ya dube ni, ya dubi kunya huɗu da na nome masa.
"Ka tsira?" Na ce na tsira.
"To, madalla. Wanga ɓarna fa, wa ka biya?"
Na yi dariya har ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.
Ya miƙo mini buta.

Washegari Labbo makanike ya tatsi tanki a kwalba,
ya ɗaga ta ga rana.
Mai a sama, a ƙasa ruwa kwance,
bai fi cokali uku ba.
Bai tambaye ni ko na duba kafin in tashi ba.
Ni ma ban ce ina sauri ba.

Muna nan tsaye jan-baki suka wuce ta kanmu,
dubu kan dubu, cikinsu cike da shinkafa,
ba wanda ya yi tari.